Tsatsa a Dokin Ƙofar Mota: Yadda Take Ci da Yadda Ake Gyara

Mota daga ƙasa take fara tsufa. Mai sayen tsohuwar mota yakan duba fenti, ya saurari kukan inji, ya daddanna kujeru, amma da wuya ya durƙusa ya leƙa doguwar dangar ƙarfen nan da ke ƙarƙashin ƙofofi, wadda ta miƙe daga bayan tayar gaba zuwa gaban tayar baya. Ita ce mutum ke tsallakewa duk lokacin da zai shiga mota, don haka ba laifi a kira ta dokin ƙofar mota, kamar yadda ake kiran na ɗaki. A yawancin ƙananan motoci nan ne tsatsa ke fara yin ɓarna mai hatsari, kuma nan ne aka fi yin gyaran ha'inci.

Dalilin hatsarin yana cikin ƙirar motar. Manyan motoci da akori-kura suna da shasi, wato dogayen ƙarafa biyu masu kauri waɗanda ake ɗora jiki a kansu. Ƙaramar mota ta zamani kuwa ba ta da wannan. Tun daga motoci irin su Citroën Traction Avant ta 1934 aka soma yayin haɗa jiki da ƙashi wuri guda, ta yadda fallayen ƙarfe marasa kauri, waɗanda aka nannaɗe aka liƙe da walda, su ne ke ɗaukar nauyi. Haka aka ƙera Peugeot 504, wato Fijo, wadda aka riƙa harhaɗawa a Kaduna tun daga 1975. A irin wannan ƙira dokin ƙofa bututu ne mai rufaffen ciki, na fallaye biyu ko uku, kuma kaurin kowane falle bai cika wuce milimita ɗaya zuwa ɗaya da rabi ba. Ƙarfinsa daga siffarsa yake. Ɗalibin ilimin halittu ya san wannan dabara a ƙashin cinya da kuma gora: abu mai rami a ciki yana jure lanƙwasa da murɗa fiye da sanda cikakkiya mai nauyi ɗaya da shi. Amma a tsaga gora ta tsawonta sannan a murɗa, za a ga ta ba da kai nan da nan, alhali ba a rage mata ko ɗan ɓalli ba. Haka dokin ƙofa yake idan tsatsa ta cinye gindinsa. Ƙofa ta fara ƙin rufuwa, jak ya lume cikin jiki maimakon ya ɗaga mota, kuma ranar da wata mota ta buge ta daga gefe babu abin da zai tare ƙarfe daga isa ga fasinja. Saboda haka ne a Ingila, a gwajin lafiyar mota na shekara-shekara, ake kayar da motar da tsatsa ta raunana ƙarfenta a tazarar santimita 30 daga wurin da aka ɗaure bel ɗin kujera, ko birki, ko sitiyari, ko ƙafafun mota.

Mece ce tsatsa?

Ƙarfe ba ya zama tsantsarsa a cikin ƙasa. Ana haƙo shi ne haɗe da iskar oksijin, kamar taman da ke duwatsun Itakpe a Jihar Kogi, kuma wannan haɗi ne ke ba jar ƙasa da marmara launinsu. Maƙerin da da masana'antar yau aiki ɗaya suke yi: su sa wuta mai tsanani da gawayi su raba ƙarfe da oksijin. Tsatsa komawar ƙarfe gida ce. Daga ranar da aka fitar da shi daga wuta yake neman hanyar sake haɗuwa da oksijin, wanda shi ne kashi 21 cikin 100 na iskar da ke kewaye da shi. Abin da ya rage masa kawai shi ne ruwa.

Aikin ruwa a nan yana bukatar a tsaya a kansa, domin a nan ne mafi yawan ɗalibai ke tsayawa ga hadda ba tare da fahimta ba. Tsatsa aikin lantarki ne. Ɗigon ruwa a kan ƙarfe ƙaramin batir ne. A wani gefe na ɗigon, ƙwayoyin zarrar ƙarfe suna sakin ilektaron bibbiyu su narke cikin ruwan:

Fe → Fe²⁺ + 2e⁻

Ilektaron ɗin suna bi ta cikin ƙarfen zuwa wani gefe, inda oksijin da ruwa ke karɓar su:

O₂ + 2H₂O + 4e⁻ → 4OH⁻

Abubuwan nan biyu da aka samar suna haɗuwa a cikin ruwan, oksijin ya ƙara aiki a kansu, sai a sami jan garin nan da ake rubutawa Fe₂O₃·nH₂O. Wani masani na Jami'ar Kambirij, Ulick Evans, ya nuna a shekarun 1920 abin da ya saɓa wa zaton mutane. Ya ɗiga ruwan gishiri a kan gogaggen ƙarfe, sai ya ga tsakiyar ɗigon ce ke cinyewa, inda iska ba ta isa sosai, bakin ɗigon kuwa, inda iska ta wadata, yana nan lafiya. Ma'ana, inda oksijin ya yi ƙaranci shi ke zama wurin da ƙarfe ke narkewa. Wannan shi ne sirrin dokin ƙofa. Tsakanin fallaye biyu da aka liƙe, da ƙarƙashin busasshen taɓo, da ƙasan fentin da ya ɗago, duk lunguna ne masu danshi da ƙarancin iska. Shi ya sa tsatsar wurin ke ci daga ciki zuwa waje. Ranar da aka ga fenti ya yi ƙuraje a waje, sau da yawa ƙarfen da ke bayansa ya riga ya zama kamar rariya.

Lantarkin da ke gudana a wannan batir ɗan kaɗan ne, amma lissafinsa na da ban tsoro. Bisa dokar Faraday, amfiya ɗaya idan ta yi shekara tana gudana za ta narkar da ƙarfe kimanin kilo 9. Kashi ɗaya cikin dubu na amfiya ke nan zai ci giram 9 a shekara. Fallen ƙarfe mai kaurin milimita ɗaya, mai faɗin santimita ɗaya da tsawon santimita ɗaya, nauyinsa bai kai giram ɗaya ba. Idan wannan ɗan lantarki ya taru a kansa, wata guda ya ishe shi huda shi.

Wani abin kuma shi ne halin ita kanta tsatsar. Alminiyam ma yana haɗuwa da oksijin, har ya fi ƙarfe sauri, amma fatar da yake yi siririya ce mai kama jiki, tana rufe shi ta tsayar da ɓarnar. Tsatsar ƙarfe kuwa tana kumbura ta ninka girman ƙarfen da ta fito daga gare shi, ta tsattsage, ta riƙe ruwa kamar soso. Kumburin nan yana ɗaga fenti, yana buɗa bakin walda, sabon ruwa ya sami hanya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, to tsatsa da kanta take tsaga bangon.

Gishiri, damina da motocin Beljiyam

Ruwa tsantsa ba ya ɗaukar lantarki sosai. Gishiri ne ke mai da shi hanya mai kyau, ga shi kuma yana janyo laima daga iska, ta yadda ƙarfe mai gishiri yakan zauna a jiƙe ko da ba a yi ruwa ba. A ƙasashen sanyi irin su Jamus, Holan, Kanada da arewacin Amurka ana watsa gishiri a tituna lokacin hunturu don narkar da ƙanƙara, tayoyi kuma su fesa wannan ruwan gishiri cikin kowane lungu na gindin mota. Motocin hannu da ake shigowa da su daga can, waɗanda ake kira Beljiyam ko 'yan Kwatano, da yawansu sun sha wannan wanka shekara da shekaru. Fentinsu na iya ƙyalli, amma gishirin na nan kwance a cikin dokin ƙofa.

Yanayin arewa yana yi wa ƙarfe sassauci. Idan laimar iska ta yi ƙasa da kusan kashi 60 cikin 100, tsatsa takan yi tafiyar hawainiya, kuma a lokacin hunturu a Kano ko Sakkwato ko Zinder laimar na faɗuwa ƙasa da haka nesa. Shi ya sa tsohuwar Fijo da ta yi rayuwarta a arewa takan fi 'yar'uwarta ta Legas ko Fatakwal lafiyar jiki. Sai dai damina na rama abin da rani ya bari. Masu ƙera mota sun san ruwa zai shiga dokin ƙofa, don haka suka bar masa ƙananan ƙofofin fita a ƙasa. Ƙurar hunturu tana taruwa a ciki, ruwan farko ya mai da ita taɓo, taɓo ya toshe ƙofofin, sai bututun ya zama kududdufi mai murfi har zuwa kaka. Wankin mota da ake yi kullum da yawan ruwa, a bar kafet a jiƙe, yana ƙara wa wutar fetur.

Ƙananan halittu ma suna da hannu a cin ƙarfe. Akwai bakteriya, irin su Desulfovibrio, masu rayuwa a taɓon da babu iska, suna fitar da iskar nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai wadda ke cin ƙarfe. An bayyana aikinsu a Holan a 1934, kuma ɓarnarsu ta fi yawa a bututun da ke binne cikin ƙasa fiye da mota. Akwai kuma wani kuskure da ya kamata a gyara a nan, tun da mai gyaran mota ba ya rabo da yanka. Tsatsa ba ita ke kawo ciwon tatanas mai ƙage muƙamuƙi ba. Ƙwayar Clostridium tetani ce, wadda ke zaune a ƙasa da kashin dabbobi. Ƙarfe mai tsatsa yana da kaushi mai riƙe datti, kuma yana yin rauni mai zurfi inda iska ba ta shiga, irin wurin da ƙwayar ke so. Allurar rigakafi ce maganin wannan, ko ƙarfen sabo ne ko tsoho.

Gyaran gaskiya da kitso da kwarkwata

Gyaran da aka fi yi shi ne wanda bai kamata a yi ba. A kankare saman tsatsa, a cusa takarda ko raga a ramin, a shafe da fila, a goge, a fesa fenti. Mota ta fito fes, mai ita ya yi murna ko mai saye ya ruɗu. Fila roba ce da aka cuɗa da garin dutse mai laushi. Ba ta ɗaukar nauyi, kuma idan ruwa ya same ta daga baya takan riƙe shi a jikin ƙarfen. An yi kitso da kwarkwata ke nan. Gano wannan ba wuya: a naɗe ɗan maganaɗisu a ƙyalle a bi da shi jikin dokin ƙofa. Inda ya kama akwai ƙarfe, inda ya saki akwai fila mai kauri. Ƙwanƙwasawa da ƙaramar guduma ma na faɗar gaskiya, domin lafiyayyen ƙarfe yana amsawa da ƙara, ruɓaɓɓe kuwa sai a ji shi dum, ko a ji garin tsatsa na zuba a ciki.

Ƙwararren fanal-bita ba ya fara da yanka. Yakan fara da tokare motar a wuri mai daidaito, domin da zarar an cire dokin ƙofa jikin zai iya lotsawa a tsakiya, kuma idan aka yi walda a haka ƙofar ba za ta sake zama daidai ba har abada. Wasu sukan liƙa sandar ƙarfe ta wucin gadi a bakin ƙofar, su auna tazarar da ke tsakanin ƙofa da jiki kafin a taɓa komai. Sannan a cire wayar batir, a ɗage kafet da wayoyin lantarki da ke bi ta wurin, a kuma duba bututun fetur da na man birki, waɗanda a motoci da yawa suna bi kusa da nan. Motoci sun ƙone ƙurmus a gareji saboda an manta da wannan.

Sai yanka. Ƙa'idar ita ce a yanke har sai an kai ga farin ƙarfe mai cikakken kauri, ko da ramin zai ninka abin da aka zata, kuma kusan kullum yakan ninka. Walda ba ta kama tsatsa, kuma ƙarfen da ya sirance yakan ɓule da zarar wuta ta taɓa shi. Idan an buɗe fallen waje sai a duba na ciki, domin shi ne ya fi ɗaukar nauyi. Wanda ya sa sabon falle a kan ruɓaɓɓen ciki ya yi wa gawa ado. Ana fitar da siffar wurin da kwali, a zana ta a kan sabon ƙarfe mai kauri ɗaya da na asali, a lanƙwasa ta bi yadda masu ƙera motar suka yi. Kwanon rufi da gwangwani ba su da gurbi a nan. Haka nan ɗora faci a kan tsohon ƙarfe ya fi sauƙi, amma yana haifar da sabon lungu tsakanin fallaye biyu, wato ainihin abin da gwajin Evans ya yi gargaɗi a kansa. Gara a haɗa baki da baki.

Wajen walda, zafi shi ne abokin gaba. Yawancin masu gyara a garuruwan ƙasar Hausa suna aiki da wutar kabaid: a zuba ruwa a kan dutsen kabaid, ya fitar da iskar asitilin, a ƙona ta da oksijin. Harshen wutar ya wuce digiri 3,000 a ma'aunin Selsiyas, alhali ƙarfe na narkewa a kusan digiri 1,500. Falle marar kauri idan ya sha wannan zafi yakan buɗe, in ya huce ya tsuke ya karkace. Don haka gwani ba ya jan walda a layi ɗaya. Yakan ɗiga a nan, ya tsallaka can, ya bari ya huce, ya dawo ya cike tsakani har ɗigon su haɗe. Injin walda mai tura siririyar waya cikin kariyar iska ya fi dacewa da wannan aiki, domin zafinsa na tsayawa wuri ɗaya. Liƙi da tagulla kuwa, wanda wasu ke so saboda sauƙinsa, bai dace da wurin da ke ɗaukar nauyi ba, ga shi kuma tagulla da ƙarfe idan suka haɗu cikin danshi, ƙarfen ne ke cinyewa.

Akwai hatsari ga lafiyar mai walda wanda ba a cika faɗa masa ba. Motocin baya-bayan nan ana lulluɓe ƙarfensu da tutiya. Tutiya tana tafasa a digiri 907, ƙasa da zafin narkewar ƙarfe, don haka tana tashi ta zama farin hayaƙi. Wanda ya shaƙe shi da yawa yakan kwana da zazzaɓi, da sanyi, da ciwon jiki, kuma ba mamaki a ɗauka maleriya ce. A goge tutiyar daga bakin da za a liƙa, a yi aikin a sarari, a rufe hanci da abin da ya dace.

Kare abin da aka gyara

Ita wannan tutiya ita ce babbar garkuwar ƙarfe. Ta fi shi saurin sakin ilektaron, saboda haka idan suna haɗe ita ke narkewa, shi ya tsira, ko da an sami ƙarzuwa a wurin. Humphry Davy ya gwada wannan hikima a 1824 don kare tagullar gindin jiragen ruwan Ingila, kuma a Faransa Stanislas Sorel ya yi rajistar hanyar tsoma ƙarfe cikin narkakkiyar tutiya a shekarun 1830. Kwanon rufin ɗaki ɗan wannan fasaha ne. Masu ƙera mota sun makara wajen rungumar ta. Audi 80 ta 1986 na cikin ƙananan motocin farko da aka lulluɓe jikinsu gaba ɗaya da tutiya. Motocin da suka girme ta, irin su Fijo, sun fi dogara ga fenti.

Inda tsatsar sama-sama ce, ƙarfe bai sirance ba, ana iya goge ta a shafa maganin da ke juya ta. Iri biyu ne suka fi yawa. Ɗaya asid ne na fosfarik, mai mai da tsatsa baƙar fata ko toka-toka mai kama jiki. Ɗayan tanin ne, sinadarin da ke cikin bagaruwar da majema ke jima da ita. Tanin da ƙarfe idan suka haɗu suna ba da baƙin launi mai ɗorewa, kuma dukawan ƙasar Hausa sun daɗe da sanin haka, domin kulokon da suke baƙanta fata da shi ruwan ƙarfe ne da ake shafawa a fatar da ta sha bagaruwa. Abin da ke cikin kwalbar kanti ɗan'uwan wannan ne. Sai dai ya kamata a san iyakarsa. Yana tsayar da tsatsar da ya taɓa, ba ya mayar da ƙarfen da ya riga ya tafi.

Bayan walda ana goge wurin, a shafa fentin share fage mai hana ruwa a kan tsiraicin ƙarfe, a toshe bakin haɗi da danƙo, sannan a sa fila 'yar kaɗan don daidaita fuska, fenti ya biyo baya. Matakin da aka fi tsallakewa shi ne na cikin bututun. Wutar walda ta ƙone duk kariyar da ke bayan fallen, ta bar sabon ƙarfe tsirara a wurin da ya fi ko'ina danshi. Idan ba a fesa kakin kariya ta cikin ramukan ba, gyaran kansa zai zama gyaran gangar Auzinawa, ya ruɓe kafin tsohon ƙarfen da ke kusa da shi. Baƙin man inji da wasu ke fesa wa gindin mota yana korar ruwa na ɗan lokaci, amma yana lalata roba, yana kama ƙura, yana gurɓata ƙasa da rijiyoyi, kuma yawan taɓa shi na cutar da fata. A ƙarshe a tabbatar ƙofofin fitar ruwa suna buɗe, a kuma riƙa zura musu waya kafin kowace damina.

Malamin da ke son ɗalibai su ga duk wannan da idonsu ba ya bukatar ɗakin gwaji mai tsada. Ƙusoshi shida da aka goge da samfefa da kwalabe shida sun isa. Ta farko a ruwan famfo, rabinta a waje. Ta biyu a ruwan da aka tafasa don korar iska, aka zuba man gyaɗa a samansa. Ta uku a busasshiyar kwalba mai murfi. Ta huɗu a ruwan gishiri. Ta biyar da ta shida ma a ruwan gishiri, amma ɗaya an naɗe ta da wayar jan ƙarfe, ɗaya kuma da ɓallin tutiya da aka yanko daga gwangwanin tsohon batir na tocila, bayan an wanke shi sosai. Kafin a rufe kwalaben, kowane ɗalibi ya rubuta hasashensa na wadda za ta fi yin tsatsa da wadda za ta tsira, tare da dalilinsa. Cikin mako guda za a ga ta biyu da ta uku kusan yadda aka sa su, mai wayar jan ƙarfe ta fi kowa ja, mai tutiya kuwa tana nan fes, farin gari na taruwa a jikin tutiyar.